Ƙurajen Balaga: Tsakanin Maganin Kwana Huɗu da Maganin Wata Uku

Duk wanda ke son ganin inda ake duba ciwon fata a Maradun, ko Bakura, ko Talata Mafara, ba sai ya wahalar da kansa da zuwa babban asibiti ba. Ya tsaya bakin kemis bayan sallar Magariba, ko ya zaga layin masu kayan shafe-shafe ranar Talata a kasuwar Mafara. Nan ne yarinya 'yar shekara 15 ke zuwa, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Likita, a ba ni maganin ƙuraje." Nan ne kuma ake yanke wa fatarta hukunci cikin abin da bai wuce minti biyu ba, hukuncin da sau da yawa takan yi shekaru tana biyan tararsa.

Na san akwai mai karatun da zai ce malamin nan ya rasa abin rubutu. Yankin da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma kwashe wasu 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun a Satumbar wannan shekara, shi ne za a zauna ana yi masa lissafin ƙurajen fuska? Amsata ita ce, rashin tsaron ne ma ya ƙara wa zancen nauyi. Likitocin fata a ƙasar nan ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin koyarwa ne. Babu uban da zai ɗora 'yarsa kan hanyar Gusau ko ta Sakkwato, a irin wannan zamani, don ƙuraje sun fito mata a goshi. Saboda haka duk abin da aka miƙo mata a kemis ɗin unguwa, shi ne maganinta na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Ƙurajen balaga ba ƙazanta ke kawo su ba, kuma ba alama ba ce ta cewa yarinya ta matsu da aure, kamar yadda kakanni kan faɗa cikin raha. A ƙarƙashin kowace ƙofar gashi ta fuska da ƙirji da gadon baya akwai 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Idan balaga ta zo, sinadaran da ke sauya murya da siffar jiki sukan sa jakar ta girma, ta riƙa zubo maiƙo fiye da da. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. A cikin toshewar ne wata ƙwayar bakteriya, wadda dama tana zaune a fatar kowa, ke samun wurin hayayyafa, jiki kuma ya mayar da martani da kumburi da mugunya. Abubuwa huɗu ke nan: maiƙo, da toshewa, da bakteriya, da kumburi. Duk maganin da ya amsa sunansa, ɗaya ko biyu daga cikinsu yake yaƙa. Likitocin fata na Amurka sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi waɗannan ƙuraje, kaɗan ko da yawa. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ake hana yara, babu wata ƙaƙƙarfar hujja a kansu. In ma akwai abincin da bincike ya ɗan nuna wa yatsa, to zaƙi ne da lemon kwalba da dangoginsu. Abin da ya fi gyaɗa laifi shi ne man gashi mai kauri da ke gangarowa goshi, wanda tun a 1970 likitoci suka bayyana irin ƙurajen da yake haifarwa a fuskar baƙar fata.

Akwai wani abu da ya bambanta fatarmu da ta Bature a wannan ciwo, kuma shi ne tushen duk ɓarnar da zan yi magana a kai. Ƙurji a fuskar Bature yakan yi ja ya wuce. A fuskar baƙin mutum kuwa, duk inda kumburi ya sauka sai fata ta tara launi a wurin, ya bar baƙin tabo. Ƙurjin yakan mutu cikin mako guda, tabon ya zauna wata shida ko shekara. In an matse shi da farce, ko an goge shi da lemun tsami ko makilin, tabon ya ƙara duhu ya ƙara daɗewa. Wannan ya sa yarinyar da ta ce a ba ta maganin ƙuraje, a zuciyarta maganin tabo take nema. Mai kemis ya san haka. Mai haɗa man shafawa a roba marar suna ta fi shi sani.

Abin da aka fi miƙa mata shi ne ɗaya daga cikin mayukan nan masu haɗin magani uku, irin su Funbact-A da Skineal, ko kuwa man sitiroyid zalla mai ƙarfi irin Dermovate. Waɗannan magunguna ne na gaskiya, suna da cututtukan da aka yi su dominsu, kuma likita kan rubuta su na 'yan kwanaki. Ba a yi ko ɗaya daga cikinsu domin ƙurajen balaga ba. A cikin masu haɗin uku akwai maganin makero da dangoginsa, wanda ba ruwansa da ƙurajen fuska. Akwai niyomaisin, wanda ba shi ake yaƙar bakteriyar ƙuraje da shi ba. Sannan akwai sitiroyid, wato betametason ko kulobetasol. Wanda ya iya karatun boko zai gane su a jikin kwali, domin sunayensu sukan ƙare da haruffan "sone" ko "sol".

Dole a faɗi gaskiya game da dalilin da ya sa ake komawa a sake saye: man yana aiki, ko kuwa dai yana nuna kamar yana aiki. Sitiroyid gwani ne wajen kwantar da kumburi. Cikin kwana uku zuwa huɗu ƙurajen sun lafa, fuska ta yi sumul, har ta ɗan yi haske, ƙawaye su fara tambayar me take shafawa. Sai dai bai taɓa maiƙo ba, bai buɗe ƙofar da ta toshe ba, kuma ya raunana garkuwar fata a daidai wurin da bakteriya ke zaune. Bayan 'yan makonni ƙuraje su dawo, wannan karon ƙanana masu kama da juna, birjik kamar an watsa gero, waɗanda man da kansa ya haifar. Ta ƙara shafawa, su lafa. Ta daina, fuska ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi kamar an zuba barkono. Daga nan ta zama baiwar man. Wata shida, shekara guda, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a kumatu, nankarwa ta fito a damtse da cinya in har can take shafawa, makero ya yaɗu ya ɓad da kama. Wadda ta game jiki da shi tsawon lokaci, sinadarin kan ratsa cikin jini ya taɓa hawan jini da sukari. Garin neman gira an rasa ido. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da wasu 'yan mata ke sha, waɗanda ake haɗawa da deksametason, su ma sitiroyid ne, kuma suna feso ƙuraje a fuska da ƙirji.

Ina da yaƙinin cewa da yawa daga cikin matan da ake zargi da shafa bilicin ba da niyyar zama farare suka fara ba. Da ƙurji ɗaya suka fara, da tabonsa. Daga man sitiroyid aka koma haɗin roba, wanda ba wanda ya san abin da ke ciki sai mai haɗawa: ko haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi yakan ƙona kumatu su yi baƙi ƙirin, baƙin da ba ya fita, ko makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Mu a Zamfara bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan gubar ƙarfe ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Zaiba 'yar'uwar dalma ce wajen ɓarna, kuma tana ratsa mahaifa, tana shiga nonon uwa. Hukumar NAFDAC ta haramta irin waɗannan mayuka, amma haramcin da aka rubuta a Abuja bai cika zuwa kasuwar ƙauye ba.

To mene ne maganin gaskiya? Abin mamaki shi ne ba ɓoyayye ba ne, ba sabo ba ne, kuma na matakin farko bai fi ƙarfin talaka ba.

Na farko shi ne benzoyil feroksayid, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Benzac da PanOxyl, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana kashe bakteriyar ƙuraje, yana ɗan buɗe ƙofofin gashi, kuma babbar falalarsa ita ce bakteriya ba ta koyon bijire masa ko an shekara ana shafawa. Yana zuwa da ƙarfi uku: kashi 2.5, da 5, da 10. Mutanenmu suna son mai ƙarfi, amma a nan mai kashi 2.5 ko 5 yana yin kusan aikin mai kashi 10, ba tare da ƙona fuska ba, kuma mun riga mun ga abin da ƙuna ke bari a baƙar fata. Yana cinye launin tufafi, don haka a kiyaye hijabi mai launi da rigar filo. A kuma ajiye shi a wuri mai sanyi, domin zafi mai tsanani na lalata shi. Wanda ya wuni a faranti cikin ranar Afrilu a kasuwa ba abin saye ba ne.

Na biyu shi ne dangin magungunan da aka samo daga bitamin A. Tsohonsu, tiretinoyin, wanda aka sani da Retin-A, tun 1971 ake amfani da shi a Amurka. Ƙanensa adafalin, wato Differin, ya samu izini a can a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kuma daga 2016 ake sayar da mai kashi 0.1 ba tare da takardar likita ba. Aikinsu shi ne buɗe toshewar da hana wata sabuwa, wato suna kashe ƙurjin tun kafin ya fito, sannan suna taimakawa wajen dusashe baƙin tabo. A ganina, da za a ce matashin Maradun ya zaɓi magani ɗaya tak, adafalin ya kamata ya ɗauka. In ya samu hali ya haɗa da benzoyil feroksayid, ko ya sayi wanda aka riga aka haɗa su, irin Epiduo.

Yadda ake shafa su ne inda aka fi faɗuwa. Ba a kan ƙurji ake ɗiga su ba, duk wurin da ƙuraje ke fitowa ake shafawa, sama-sama, kuma abin da bai wuce girman ƙwayar wake ba ya ishi fuska gaba ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne bayan sallar Isha'i, idan an gama alwalar ranar, fuska ta bushe. Da asuba a wanke. A fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya ko biyu, musamman da hunturu lokacin da fata ke tsagewa ko ba magani, sannan a riƙa ƙarawa a hankali. A kauce wa gefen ido da leɓe. A makonnin farko fuska za ta bushe, ta yi ɗan saɓa, wani lokaci ƙurajen su ƙaru. Nan ne akasarin yara ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba, su koma wa na kwana huɗu. Alhali ba a fara ganin sauƙi sai bayan mako 6 zuwa 8, kuma ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2021 ta ce a ba magani mako 12 cur kafin a yanke hukunci a kansa. Wata uku ke nan, wato zangon karatu guda. Iyaye ne ya kamata su riƙe wannan lissafi, domin ɗan shekara 16 da ke duba madubi sau goma a yini ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba.

Akwai kuma azeleyik asid, mai kashi 15 ko 20, wanda ake samu da sunan Skinoren. Bai kai adafalin ƙarfi ba, samunsa ma a yankinmu sai an sa cigiya, amma yana rage baƙin tabo, kuma mai juna biyu na iya shafa shi. Sabulai da ruwan wanke fuska masu salisilik asid suna taimaka wa mai ƙananan ƙuraje, iyakarsu ke nan. Sabulun salo ba laifi in bai busar da fata ba. Dirzar fuska da soso kuwa, da dilka a kan ƙurji mai kumburi, ƙara wa wuta fetur ne.

Idan ƙurajen sun yi yawa, sun yi mugunya, sun sauka ƙirji da baya, to an kai matakin ƙwayoyin sha, kuma daga nan magana ta bar hannun mai kemis. Likitoci sun fi rubuta doksisaikilin, na kimanin wata uku, kuma tilas a haɗa shi da na shafawa, a ci gaba da na shafawar bayan an daina sha. Abin da ke faruwa a wurinmu akasin haka ne: saurayi ya sayi kafso na tetirasaikilin, ja da rawaya, ya sha kwana biyar ya bari, bayan wata ya sake, wani ma ya fasa kafson ya kwaɓa garin ya shafa. Wannan ba ya warkar da ƙuraje, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su bijire wa maganin. Asarar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Doksisaikilin na cikin magungunan da ake dogara da su idan kwalara ta ɓarke, kuma Zamfara ba baƙuwar kwalara ba ce da damina. Ko kilindamaisin na shafawa ma ba a yarda a yi amfani da shi shi kaɗai ba, saboda wannan dalili.

Wanda likita ya rubuta wa doksisaikilin ya sha shi da ruwa cike da kofi, yana zaune ko tsaye, kada ya kwanta sai bayan aƙalla rabin sa'a, domin ƙwayar kan maƙale ta ƙona maƙoshi. Da azumi wannan gargaɗi ya fi muhimmanci: wanda ya haɗiye shi a ƙarshen sahur da kurɓin ruwa ɗaya ya koma barci, yana neman wa kansa ciwo, bayan buɗe-baki ya fi. Nono da madara, da maganin ƙarin jini, da na gyambon ciki, suna hana wannan dangin magani shiga jiki yadda ya kamata, musamman tetirasaikilin, don haka a raba lokacinsu da na fura da nono. Ba a bai wa mai ciki, ba a kuma bai wa ƙananan yara na tsawon lokaci, saboda yana ɓata haƙora.

Zancen ciki ba ƙaramin zance ba ne a nan. Littattafan da aka rubuta a Turai suna ɗaukar 'yar shekara 16 a matsayin 'yar makaranta kawai. A Maradun da Bakura tana iya zama amarya, ko wadda aka sa wa rana, kuma lokacin gyaran jikin biki ne ma aka fi rububin maganin fuska. Adafalin, da tiretinoyin, da doksisaikilin, duk ana dakatar da su ga mai ciki ko mai neman ciki. Haka sifironolakton, wanda likita kan ba mace don rage tasirin sinadaran da ke ƙara maiƙo. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna maganin ƙuraje, amma likita ne zai auna wadda suka dace da ita. Yarinyar da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa, ba man shafawa take buƙata da farko ba, asibiti take buƙata.

Saura babban magani, aisotiretinoyin, wanda kamfanin Roche ya fitar a Amurka a 1982 da sunan Accutane, wasu ƙasashe kuma suka san shi da Roaccutane. Shi kaɗai ne ke taɓa dukkan abubuwa huɗun nan, yana ƙanƙantar da jakar maiƙon kanta, kuma bayan wata huɗu zuwa shida mutane da yawa sukan rabu da ciwon. An tanade shi ne domin manyan ƙuraje masu zurfi kamar maruru, waɗanda ke barin fuska rami-rami kamar zanzana. Amma idan mace ta ɗauki ciki tana shan sa, yana iya nakasa zuciya da ƙwaƙwalwa da fuskar jariri. Shi ya sa tun 2006 Amurka ta kafa tsarin da ba a ba mace shi sai an yi mata gwajin ciki kafin farawa da kuma kowane wata. Yana busar da leɓe, ana bibiyar hanta da kitsen jini da yanayin ran mai sha, ba a haɗa shi da doksisaikilin, kuma mai shan sa ba ya ba da jini. Yanzu da ake tallar magani a Facebook da TikTok, a aiko shi ta tashar mota, wannan ne maganin da ya fi ba ni tsoro. Wanda ƙurajensa suka kai wannan matsayi, shi ne wanda tafiya ta wajaba a kansa, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma gara da wuri, domin ramin da ya riga ya zauna a fuska babu man da ke cike shi.

Wadda ta riga ta daɗe a kan sitiroyid kuwa, a gaya mata gaskiya: idan ta bari, fuskarta za ta rikice na makonni kafin ta daidaita, wannan kuma ba alamar tana buƙatar man ba ce. Wadda ta yi watanni tana shafawa, gara ma'aikacin lafiya ya tsara mata yadda za ta janye a hankali.

Ba na cikin masu ganin a rufe kemis-kemis. In aka rufe su a Maradun, me ya rage? Hukumar PCN ce ke ba su lasisi, kuma lasisin bai haɗa da sayar da sitiroyid mai ƙarfi ba tare da takardar likita ba. Suna da ƙungiyarsu ta NAPPMED mai rassa a ƙananan hukumomi. Akwai Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin karkara. Zaman yini ɗaya tsakanin waɗannan, tare da matan da ke kula da ɗalibai a makarantun kwana, ya isa a fitar da takarda guda da Hausa, boko da ajami, a liƙa a bangon kowane kemis. Mai kemis ɗan kasuwa ne, kuma adafalin da za a saya wata uku a jere bai fi man kwana huɗu ƙarancin riba ba. Abin da ya rage shi ne ya ajiye shi a shago, ya kuma iya bayaninsa. A saman takardar a rubuta tambayoyi uku da zai yi kafin ya miƙa hannu kan kanta. Shekarunki nawa? Kina da aure, ko ciki, ko an sa rana? Me kike shafawa yanzu? A tambaya ta uku kada ya yarda da "wani mai ne ƙawata ta ba ni". Ta koma gida ta ɗauko kwalin, ko robar, ko da babu komai a ciki.